Gorar Zamzam ta Humaira

An yi wani mutum a Alƙahira da asirinsa ya tonu ranar wata Talata da la'asar, a shekarar 2013, cikin kofi guda.

Karatu ya kawo shi daga gida. Ya san nahawu, ya san fiƙihu, ya zauna a unguwar Abbasiya yana yi wa marasa lafiyarmu tafinta a asibiti. In an taru, shi ake turawa gaba ya ja salla.

A asibitin ya taimaki wani tsoho Bagirke mai kantin cuku da zaitun, Hawaja Istabro. Tsohon ya gayyace shi don ya yi godiya. A ƙasarsu in an matse inabi ba a zubar da tuƙar. Dafa ta ake yi a tukunyar tagulla, tururin ya ɗiga, ya fito garau kamar ruwa. Tsifuro suke ce masa. Da shi suke tarbar baƙo, da shi suke biki da zaman makoki: ɗan kofi, ga zaitun, ga hira.

Tsoho ya miƙa. Malamin da zai iya kawo hujja goma kan haramcin giya ya kasa furta a'a guda. Wai kara. Ya 'yan uwa, wace kara ce ake yi wa bawa a hana Ubangiji?

Bagirken da ya gaji abin kofi ɗaya yake sha, a gaban mutane. Namu da ya ara, shekara biyu yana kwankwaɗa shi kaɗai a bayan ƙofa.

Sai neman maɓoya. Matarsa Humaira tana da gorar zamzam da ta zo da ita daga Umra, ta ɗora saman kabad ta ce, "Wannan ta ranar tafiyata ce, kada kowa ya taɓa." Ina ya fi nan tsaro? Ya mai da gorar rumbunsa.

Ciwon ƙoda ya kwantar da Humaira. Ranar Talatar nan jiki ya yi tsanani, ta nemi zamzam ɗinta. Maƙwabciyarsu Inna Fatu, tsohuwar Bahaushiyar Sudan, ita ke jinya, ga ta da mura, hanci a toshe. Ta sauko da gora ta tsiyaya. Kun san halinmu da zamzam, ba ma shan sa zalla, sai mun ƙara masa ruwa don ya auka. Ta ƙara. Shi kuwa tsifuro irin na Hawaja da yansun, wani tsiro mai ƙamshi, ake dafa shi, da ya ji ruwa sai ya yi fari fat.

Daidai nan mutumin ya shigo.

"Allahu Akbar! Malam, zo ka ga karama! Zamzam ya zama nono!" Kafin ya buɗe baki Inna ta leƙa matakala tana kiran matan bene. "Yalla ku fito, ku zo ku shaida!"

Kofin yana dab da leɓen Humaira. Ita hancinta lafiya lau. Ta kau da kai.

"Inna, miƙa wa Malam. Nasa ne."

Ta dube shi, ba faɗa, ba kuka. "Malam, ina nawa?"

Mai fassara maganar likita da ta majinyaci ya rasa harshe a yaruka uku. Kafin magariba bakinta ya rufe. Ranar Juma'a ta cika.

Labari bai jira mota ba, daga Abbasiya har unguwar Faisal. Masu kawo marasa lafiya suka nemi wani tafinta. Da aka zo sallar gawarta, ya matsa gaba bisa sabo, wani dattijo ya riƙe masa hannun riga ya ce, "Ma'alish, Malam, yi haƙuri." A sahu na uku ya sallaci matarsa.

To amma ku ji. Da aka dawo daga maƙabarta, abin da ya tarar a ƙirjinsa sauƙi ne. Ba ta sha ba. Da warin bai riga kofin isa gare ta ba, da giya ce guzurin ƙarshe a bakin matar da ba ta taɓa barin walaha ba, kuma da hannunsa ya tanada. Suna ya tafi, aiki ya tafi, amma ta tafi da bakinta tsarkakakke. Ɓoyon da ya hana shi numfashi shekara biyu shi ma ya ƙare. Bai sake sha ba.

Ya 'yan uwa, ilimi ba ya cewa a'a a madadin mai shi. Wanda kuma ya ɓoye saɓo a jikin abu mai tsarki, iyalinsa ya haƙa wa rami. Wani tonon asirin rahama ce. Allah ya kiyaye mu da karar da ke kai mutum wuta, ya tone mu nan in tonon ne zai tsirar da mu can.

Malamai sun ce zamzam yana biyan buƙatar da aka sha shi dominta. Mutumin nan yana raye, kuma har gobe amsar tambayar Humaira tana bakinsa, ba wanda zai ba wa:

"Ban zubar ba, Humaira. Shanyewa na yi, a tsaye, ina kallon alƙibla, ina roƙon Allah ya raba ni da abin nan ko ta halin ƙaƙa."