Ƙugun Inna Hadijatu

Akwai wani manomi a Fakku mai suna Ɗanmaliki. Mahaifiyarsa, Inna Hadijatu, tana zaune a gidansa, kuma duk da tsufanta ita ke ɗebo ruwan da shanun nomansa ke sha.

Da ciwon ƙugu ya matsa mata, 'yarta Raliya da ke aure a Tambuwal ta zo ta kai ta asibiti. Aka ɗauki hoton ƙashi. Likita ya ɗaga hoton a haske ya nuna wa Raliya wuyan ƙashin cinya, inda yake haɗuwa da ƙugu. Ya ce ƙashi mai ƙarfi fari sol yake fitowa, na Inna kuwa ya yi dishi-dishi, bayansa ya sirance. Ya ba da magani, ya ce ta daina ɗaukar kaya, domin faɗuwa ɗaya za ta iya karya ta.

Raliya ta mayar da ita Fakku, ta faɗa wa yayanta. Ɗanmaliki ya yi dariya.

"Hoto shi ka hwaɗa min halin uwata? Ƙyuya ta kawai. In ba ta ɗebo ruwa, wa za ya ɗebo?"

"Yaya, ka ji tsoron Allah," in ji Raliya.

"Koma gidan mijinki."

Raliya ta koma Tambuwal. Inna ta ci gaba da zuwa rijiya.

Ranar wata Talata da damina, santsi ya kwashe ta a bakin rijiya, jarka na kanta. Ta kasa tashi. Da Ɗanmaliki ya iso, mata sun kewaye ta, ƙafarta ɗaya ta gajarce, ta juye waje.

"Tashi, Inna, kina ba ni kunya cikin mutane."

Ya kama hannunta ya fizga. Ihun da ta yi har masallaci an ji shi.

Maƙwabta suka ce a nemi mota zuwa asibiti. Ya ƙi. Ya ɗaure ta a bayansa da zane, ya hau babur ya bi ramukan hanyar Kebbe zuwa wurin mai ɗori. Mai ɗorin ya taɓa wurin, ya ce wannan karayar ta fi ƙarfinsa, a kai ta asibiti. Ɗanmaliki ya dawo da ita gida, ya ajiye ta a ɗakin baya, ya tafi gona.

Kafin labari ya kai wa Raliya, bayan Inna ya yi gyambo saboda kwanciya. Ta ɗauke ta zuwa Tambuwal, amma jiki ya riga ya tafi.

Da Ɗanmaliki ya ji an ce ba za ta tashi ba, sai ga shi. Ya durƙusa a bakin gado.

"Inna, ki gafarce ni."

Ta dube shi, ta daɗe. Sannan ta juya fuskarta wajen Raliya.

"Ce mishi na ji."

Ba ta ƙara magana ba har ta cika.

A wurin zaman makoki, mutane suka riƙa tsallake shi suna yi wa mijin Raliya ta'aziyya. Da kaka ta yi, Ɗanmaliki ya kira gayyar girbi, matarsa ta dafa tuwo tukunya biyu. Har la'asar ba wanda ya zo.

Darasi: Idan tsohuwa ta ce ƙugunta na ciwo, ku yarda da ita, ku kai ta asibiti, ku sauke mata kaya. Ba kowa ke samun gafarar uwa a ranar da ya ga damar nema ba. Ku tura wa duk wanda mahaifiyarsa ke raye.