Takalman Kan Damisa Na Goggo Guilan

Akwai wata dattijuwa a ƙauyenmu na Baiyang, sunanta Geng Guilan, amma yaro da babba Goggo Guilan muke ce mata. Sana'arta ɗinkin takalman jarirai, irin na yadi mai kan damisa, wanda iyaye ke sa wa yaro don su kare shi daga mugun abu. Ni kaina nata na fara takawa da su.

Duk shekara, idan bikin haikalin kan tudu ya zo a wata na uku, kwana uku ake yi ana cin kasuwa. Ƙauyuka bakwai ke haɗuwa. Ga masu taliya, ga masu awara, ga hayaƙin turaren wuta, 'yan wasa kuma suna ta waƙa a dandali da ganga da kuge. Goggo Guilan a bakin ƙofar haikali take shimfiɗa tabarmarta, ƙarƙashin babbar bishiya. Shekara ashirin da shida ba wanda ya taɓa yi mata gardamar wurin.

Maƙwabciyarta wata matashiya ce, Miao Chunyan. A shekara ɗaya Chunyan ta rasa mijinta a ramin haƙar kwal, sannan zazzaɓi ya ɗauke ɗanta. Mutane suka riƙa kauce wa gidanta. Goggo Guilan ce ta shiga da allura da zare, ta ce, "Tashi ki zauna, 'yar nan. Kuka ba zai sa miki tukunya a wuta ba."

Ta koya mata yankan yadi, ta koya mata ɗinkin idon damisar da gashin bakinta. Bayan shekara uku Chunyan ta fara shimfiɗa tata tabarmar a bikin, taku goma daga ta Goggo.

Da farko Goggo alfahari take yi. Duk wanda ya yaba sai ta ce, "Ai ɗalibata ce." Amma hannun Chunyan ya faɗa da kyau. Damisarta kamar za ta yi dariya, kuma tana haɗa launukan da ba wanda ya taɓa haɗawa a yankinmu.

A shekarar da abin ya faru, tun safiyar ranar farko mata suka yi dafifi a gaban Chunyan. Goggo tana zaune tana gyara jerin takalman da ba su karkace ba. Wata mata ma da ta shekara goma tana saye a wurinta ta gaishe ta, ta wuce.

Can sai ga Tsoho Dou, shugaban masu shirya bikin. Ya ɗaga takalmi ɗaya na Chunyan, ya juya shi, ya ɗaga murya yana dariya.

"Guilan, kin gani? Ɗalibarki ta bar ki a baya. Ki je ki sake koyo a wurinta!"

Jama'a suka yi dariya. Goggo ma ta yi, amma dariyar yaƙe ce. Ta kasa cin taliyar da ta saya da rana.

Da la'asar wata tsohuwa daga wani ƙauye ta tsaya hutawa a inuwar bishiya, da takalmin Chunyan a hannu. Goggo ta kalli takalmin, ta girgiza kai.

"Wa za ki sa wa?"

"Jikana mana. Watansa tara."

"To. Ni dai ban ce komai ba."

"Haba Yaya, faɗi mana."

Goggo ta rage murya. "Wadda ta ɗinka shi, mijinta da ɗanta ta binne a shekara ɗaya. Duk abin da hannun nan ya taɓa ba ya daɗewa. Amma kada ki ce ni na faɗa."

Tsohuwar ta koma da sauri, ta jefa wa Chunyan takalmin a cinya. "Riƙe abinki! Ba da jikana ba."

Chunyan ta ɗauka, ta karkaɗe ƙurar, ta mayar da shi layi.

Rana ta biyu ba wanda ya tsaya a gabanta. Mata sukan ja 'ya'yansu gefe idan sun zo wucewa. Goggo Guilan kuwa ta yi ciniki irin na da. Tana miƙa kaya tana satar kallon Chunyan, wadda ta sunkuyar da kai tana ɗinki. Wani daɗi ya kama Goggo, ta gyara zama, har da siyo wa kanta alewa.

Amma maganar ba ta tsaya inda aka ajiye ta ba. Ta bi masu kekuna ta shiga ƙauyuka bakwai, kowane baki ya ƙara mata nasa. Sunan Chunyan ya ɓace a hanya, don ba a san ta sosai ba. Abin da ya rage shi ne: mai takalman ƙofar haikali, 'yar Baiyang. Kowa kuwa mutum ɗaya ya sani da wannan suna.

Rana ta uku har hantsi ya dubi ludayi babu wanda ya taya wa Goggo ko ƙafa ɗaya. Ta ɗaure kayanta ta je rumfar mai awara don ta karya. Wata baƙuwa da ke kusa da ita a benci ta ga kan damisa ya leƙo daga ƙunshin, ta dafa ta.

"Inna, ba dai a ƙofar haikali kika saya ba? Zubar da shi! Tsohuwar nan Guilan mugun hannu gare ta. Yara uku aka ce sun mutu da takalminta a ƙafa."

Cokali ya faɗi daga hannun Goggo.

"Wa ya faɗa miki?"

"Kowa ya sani. An ce ma wata maƙwabciyarta ce ta tona."

Wa Goggo za ta ƙaryata? Ta koma ƙarƙashin bishiya ta zauna a kan ƙunshinta.

Sai ga Chunyan da kofin shayi mai zafi. Ta durƙusa ta ajiye a gabanta.

"Sha, Goggo. Na ji abin da ake faɗa."

"Chunyan, ni ce na..."

"Na sani. Tun shekaranjiya tsohuwar ta nuna mini ke da baki."

"Kin sani, kika yi shiru? Tsoho Dou yana nan, ai da kin kai ni gabansa."

"Lokacin da ko gaisuwa ba a yi mini, ke kaɗai kika tako gidana. Da wane baki zan tsaya a gaban jama'a in kira sunanki?"

Nan Goggo ta fashe da kuka a tsakiyar kasuwa. Da ta share ido ta miƙe, ta bi rumfa-rumfa tana cewa, "Ƙarya ce, ni na ƙirƙira. Hassada ce ta sa ni. Hannun yarinyar nan ba shi da komai." Wasu suka yi tsaki, wasu suka juya mata baya. Mutanen nesa kuwa sun riga sun tafi da abin da suka ji.

Daga wannan shekara Goggo ba ta ƙara shimfiɗa tabarma a bikin ba. Na nesa suna tsoron hannunta, na kusa sun daina yarda da bakinta. Chunyan ma kasuwarta ba ta dawo nan take ba, mata suna ɗari-ɗari.

Da bikin ya zagayo, ɗan Goggo ya zo daga birni da matarsa da jaririnsu, jikanta na fari. Da sassafe Goggo ta karɓi yaron, ta haura tudu da shi. A gaban kowa ta durƙusa a tabarmar Chunyan, ta zaɓi takalmi ja, ta sa masa da hannunta. Sannan ta saɓa shi a kafaɗa, ta zagaya kasuwar tun daga ƙofar haikali har rumfar masu awara, ƙafafunsa na lilo.

Kafin ta dawo, mata sun yi layi a gaban Chunyan.

Darasi: Hassada kan sa mutum ya rushe da bakinsa alherin da ya gina da hannunsa, kuma ƙaryar da ka saki ba ta san mai ita ba, tana iya dawowa da sunanka. Idan wanda ka koya wa ya fi ka, wannan abin alfaharinka ne. Ku tura wa 'yan uwa da abokan sana'a, wataƙila wani ya kama bakinsa tun kafin ya yi nadama.