Gilashin Teburin Malam Zubairu

An yi wani bawan Allah a wani gari, shekarun baya, akawu ne a ofishin gona. Sunansa Malam Zubairu. Yana da wata tsohuwar kwamfuta mai ƙeya, wadda in ka kunna ta sai ka je ka yi alwala ka dawo kafin ta farka.

Ran wata Litinin maus ɗinta ya haukace. Maus, ga dattawan da ke sahun baya, shi ne ɗan abin da ake turawa da hannu, kibiya na bin sa a fuskar kwamfuta. Ka taɓa shi kaɗan, kibiya ta yi gabas. Ka ja numfashi, ta yi yamma.

Oga, Alhaji Rabe, ya tambayi abin da ya faru. Zubairu ya ce ƙila ruwa ne ya shiga. Ƙila kawai ya ce, ku saurara. To wa ke goge tebur da jiƙaƙƙen tsumma? Baba Nomau masinja, tsoho mai jikoki huɗu a wuyansa. Nan take oga ya rubuta takardar sallamar Baba da biro, ya ce a buga kafin Azahar.

Zubairu ya koma kan teburinsa. Ya hura maus, ya cire waya ya mayar, ya rage gudun kibiya har ƙarshe. A banza. Ya aro na ofishin maƙwabta, wanda tsumman Baba bai taɓa gani ba, shi ma rawa. Ta taga yana hango tsohon a kan benci, ya riƙe hula a hannu yana ta juya ta.

Ladan ya fara gyara lasifika. Zubairu ya ajiye takardar oga zai fara bugawa, sai maus ya hau kan takardar. Kibiya ta natsu. Ya sauke shi, rawa. Ya mayar, ta natsu.

Ashe gilashi ne. Ran Juma'a shi da kansa ya shimfiɗa gilashi a kan tebur, kamar yadda manya ke yi, ya tura hotonsa na Makka a ƙasa don baƙi su gani. Idon maus ba ya gani a kan gilashi.

Babu wanda ya lura, jama'a. Ni da kuke kallo, da ni ne, na san sai na ɗan yi shawara da Shaiɗan tukuna, ko ta minti biyu.

Zubairu ya tashi, ya shiga wajen oga. Ya ce, “Ranka ya daɗe, ba tsumman Baba ba ne. Son a gan ni ne.”

Oga ya yi masa tatas a gaban masu jiran taki, har da tambayar ko hoton ne zai buga takardu. Zubairu bai ɗago kai ba. Aka yaga takarda.

Da ya ɗauko gilashin zai fitar, Baba Nomau ya miƙe ya kama gefe ɗaya, ya ce, “Sannu Malam, kar ya yanke ka.”

To ga darasin. In abu ya ɓaci, ka fara duba abin da hannunka ya shimfiɗa kafin ka ambaci wanda ba shi da bakin kare kansa. In kuwa ƙilarka ta riga ta fita, ka bi ta ka dawo da ita, ko za a yi maka dariya. A gidajenmu da shagunanmu akwai mai zaune a benci saboda ƙilar wani daga cikinmu. Ku je ku tashe shi kafin a kira salla.