Masana'antar Motar da Wuta Ta Cinye

Akwai wani maƙeri a wata ƙasa ta Turai, wanda ya fara da ƙera keken doki a bayan gidansa. Da zamanin inji ya zo, sai ya ƙera mota, ya sa mata sunan gidansu. Mutumin nan ba ya ɓoye sana'a. Duk wanda ya ɗauka aiki, sai ya koya masa da hannunsa har ya ƙware, ya kuma umarce shi ya koya wa na bayansa.

Da ya rasu, ɗansa ya gaje shi, ya faɗaɗa wurin. Bayan ɗan, jika ya karɓa. Shi kuwa jikan, ginin ne abin alfaharinsa, da manyan injuna, da ɗakin da aka adana zanen kowace mota. Daga saman bene yake hango ma'aikata. Ko mutum goma bai san sunansu ba.

Ana nan sai yaƙi ya ɓarke. Jirage suka jefa bama-bamai, masana'antar ta ƙone ƙurmus, har da zane-zanen. Da yaƙin ya ƙare, jikan ya zo ya tsaya cikin toka, ya ƙudura zai sayar da filin ya bar garin, ko da yake rabin gidajen garin a nan suke samun abinci.

Sai ga wata tsohuwa, mai ɗinka kujerun mota, ta zo ta gaishe shi. Ta ce, "Maigida, an ce za ka tafi."

Ya ce, "Iya, me ya rage? Ko takarda ɗaya ba ta tsira ba."

Ta ce, "Shekara talatin da ɗaya ina ɗinka kujerun nan, ko idona a rufe na san awonsu. Maƙwabcina shi ne mai haɗa giyar mota. Je ka tambaye shi ko yana bukatar takarda."

Sai ya bi gida-gida yana sallama. Waɗansu sun mutu a yaƙin, amma ya tarar da waɗanda suka koya a wurinsu. Suka taru a ƙarƙashin rumfar kwano, kowa ya kawo abin da ya sani. Inda ɗaya ya manta, wani ya tuna. Bayan wata goma sha huɗu suka fito da mota. Ƙofarta ba ta rufuwa da kyau, amma ta tashi, ta kuma hau tudu.

Ma'anar wannan misali ita ce: masana'antar nan kamar ɗakin sujadarmu take, ma'aikatan kuwa mu ne. Waɗansunmu sun taɓa tsayawa cikin tokar inda suke sujada, sun san wannan ba tatsuniya ba ce. Wuta tana cin kwano da benci da littattafan waƙa, amma ikkilisiya ba gini ba ce, mutane ne waɗanda Maganar Allah take zaune a zukatansu.

Saboda haka, 'yan'uwa, kada kowa ya riƙe abin da ya sani shi kaɗai. Ayar da ka haddace, koya wa ɗanka. Waƙar da kika iya, koya wa maƙwabciyarki. Ku kuma shugabanni, kada ku jira ranar toka kafin ku san ƙofar gidan mutanenku. Ku je wannan makon.