Bargunan Inna Tabawa da Keken Ɗinki Guda

Ku gyara zama, ga wani labari nan tafe gare ku. Ku riƙe shi da kyau, don idan na kai ƙarshensa ni shiru zan yi, hukunci ya koma hannunku.

A wani gari na ƙasar auduga, can kudancin Katsina, an yi wata ungozoma da ake kira Inna Tabawa. Rabin samarin garin da 'yammatansa a hannunta suka faɗo duniya. Tun tana aiki a asibitin haihuwa take da wani abin sha'awa da ba kowa ya san daɗinsa ba, wato ɗinkin bargon ƙyallaye. Sai ta yayyanka yadi ƙanana-ƙanana, ta jera launi kusa da launin da ya dace da shi, ta haɗe su da tsohon kekenta na ƙafa. Daga nan ta shimfiɗa auduga a tsakiya, ta sa shafi a ƙasa, ta bi da allura layi-layi har audugar ta zauna daram. Ba ta taɓa sayar da ko ɗaya ba. Duk jaririn da ya zo bakwaini, ko ya zo a tsakiyar sanyi uwarsa ba ta da abin rufa, da bargon Inna Tabawa ake fita da shi daga asibiti. Ta sha ganin yadda sanyi ke ɗauke jaririn da ba shi da tsoka, don haka ba ta ɗauki abin da wasa ba, ko da yake duk garin babu mai jin daɗin zama gaban keke kamarta.

Da ta yi ritaya sai ta ce yanzu ne za ta ɗinka ta more. Ashe kasuwa na da nata shirin. Yadi ya yi tashin gwauron zabo, zare ya bi shi, auduga ma da ake nomawa a bayan gari ta fi ƙarfin mai ƙaramin ƙarfi, fansho kuwa yana nan inda aka bar shi. Ta daina sayen sabuwar atamfa, ta koma yanka tsofaffin zannuwanta. Ta rage girman bargunan. Rannan ta je kasuwa ta taya yadin shafi, da ta ji abin da mai shago ya faɗa sai ta yi masa sallama ta dawo hannu rabbana, ta ɗauko wani tsohon mayafi ta lulluɓe keken.

Kaka ta yi, aka fara jin sanyi-sanyi da asuba. Ungozomar da ta gaje ta a asibiti ta aiko a tambaya ko akwai barguna bana, don masu juna biyu sun yi yawa. Inna Tabawa ta ce a ce mata bana sai haƙuri. Ɗan aike na fita ta shige ɗaki, hawaye suka zubo mata. Daga ranar abinci ma sai ta tsakura ta ture.

To, tana da ƙawaye uku da kan zo hira wurinta bayan la'asar, dukansu ta girme su. Akwai Delu mai tallar kunun gyaɗa, akwai Azumi wadda ke noma ɗan fegin da mijinta ya bar mata, akwai kuma Marka dillaliya, wadda ba ta fashin coci ran Lahadi, ba ta kuma fashin kasuwa sauran ranaku. Delu ce ta fara magana.

"Yaya, lafiya kekenki ya yi shiru kwana biyu?"

Inna Tabawa ta ce, "Delu, keke ba ya cin iska. Abin da zan sa a tukunya ba zan sa shi a allura ba. Allah ya sa wanda na yi a baya ya isa."

Kowacce ta tafi gida da maganar a ranta.

Ita Delu kullum da safe a layin teloli take sauke robar kununta. Ta daɗe tana ganin yadda ake share guntayen yadi a tara a bayan shago a cinna musu wuta, ba ta taɓa kawo komai a ranta ba sai yanzu. Ta sami babbansu, Malam Tanimu, ta roƙe shi a bar mata. Ya yi dariya ya ce, "Delu, kunu ya daina ciniki ne kika koma shara?" Amma da teloli suka ga abin yana da mai so, sai wasu suka ce sai an biya. Delu ta ce kuɗi dai babu, amma duk wanda ya tara mata leda guda yana da ludayin kunu kyauta. Aka shirya a kan haka, ribarta ta ragu, ba ta damu ba. Ta riƙa zama tana tsincewa, ta ware masu santsi da ba sa riƙe ɗinki, ta wanke masu kyau, ta goge. Yaran unguwa suka sa mata suna mai tsintar bola, 'yarta ta yi fushi ta ce ta ja musu abin kunya. Delu ba ta fasa ba sai da ta cika kusurwar ɗakin Inna Tabawa da guntayen shadda da atamfa da boyel, launin da ko mai shago bai tara kamarsa ba.

Sai dai ƙyalle ba auduga zane ne kawai, ba ya tare sanyi. Nan Azumi ta shigo. Ba ta da gonar auduga, amma da aka gama tsinka sai ta bi manoma ɗaya bayan ɗaya tana roƙon a bar ta ta yi kala. Ta shiga cikin busassun itatuwan tana zaƙulo 'yar ragowar da masu tsinka suka raina, ɓawon yana tsaga mata yatsu har suka daina rufuwa da kyau. Abin da ta tara ta gurje shi ta fitar da angurya, wato irin auduga, ta shiɓe shi da bakan shiɓa har ya yi laushi kamar kumfa. Sannan ta lalubo mazarin kakarta da ta manta rabon da ta taɓa shi, ta zauna kaɗi. Da fari zaren tsinkewa yake yi, hannu ya manta, amma a hankali ya tuna. Ta kawo audugar shimfiɗa, ta kawo zare mai ƙwari na bin layi, anguryar kuma ta ƙulle a tsumma ta ce da damina za ta shuka a gefen feginta, don kada baɗi a sake roƙon kowa.

Inna Tabawa ta yaye mayafin keke cikin murna, amma ba a je ko'ina ba aka tsaya. Babu shafi, babu zaren keke, allurai sun kakkarye, igiyar keken ma ta tsinke. Waɗannan kuwa ba a kalarsu a gona, ba a share su a shago. Marka ta ce a ɗinka babban bargo guda ta sayar.

Inna Tabawa ta ɓata rai ta ce, "Ni ban taɓa sa wa bargona farashi ba."

Marka ta ce, "Ke ba za ki sa ba, Yaya, ni zan sa. Rumbun da ake ɗiba ba a zubawa, ƙasa ake tararwa. Babba ɗaya ya tafi kasuwa, ya ciyar da ƙanana su tafi asibiti."

Da ƙyar ta yarda. Marka ta je wurin 'yan gwanjo da suka san ta, ta karɓo zannuwan gado masu ɗan yagewa da ba mai saye, da alkawarin biya in an yi ciniki, aka yi shafi da su. Da allurar hannu da zaren Azumi aka lallaɓa aka ɗinka shi. Da aka gama babban bargon ta ɗora shi a ka ta shiga gida-gida. Wasu suka ce su bargon kanti suka sani, wasu suka ce ba za su rufa da tsummokaran teloli ba. Ta sha rana har ta dace da wata hajiya mai haɗa wa 'yarta kayan ɗaki, ta saya, ta kuma ce a yi mata wani. La'ada ita ce abincin dillaliya, amma Marka ko sisi ba ta cira ba. Ta biya 'yan gwanjo, ta sayo zare da allurai da igiya da man keke. Ita ce kuma ta ji labarin baje kolin sana'o'in mata da za a yi a hedikwatar ƙaramar hukuma, ta nace sai da aka ba ta bargo guda ta kai.

Tsakar gidan Inna Tabawa ya koma kamar makaranta. Ita ke tsara launi tana taka keke, su uku suna bin layi da allura, tana gyara musu hannu har kowacce ta iya. Kafin sanyi ya kankama barguna sun isa asibiti. A cikin makon da ya fi kowanne sanyi wata mata daga ƙauye ta haifi tagwaye bakwaini, kowanne bai fi tafin hannu biyu ba. Aka kwantar da su a ƙirjin uwarsu, aka lulluɓe su da bargunan nan, Allah ya raya su. Ran suna uban ya zo har ƙofar gida da ƙwaryar goro yana godiya, Inna Tabawa ta ci tuwo ranar har da neman ƙari.

Ba a jima ba saƙo ya zo cewa bargon da Marka ta kai baje koli shi ya zo na ɗaya, kyautar kuwa sabon keken ɗinki ne fil a kwali. Aka kawo shi a amalanke, mata suna guɗa.

Inna Tabawa ta dubi keken ta ce ita tsohon nata ya ishe ta, idonta ma ya fara hazo, kwanakin ɗinkinta ba su da yawa. Wannan sabon na ɗaya daga cikin ƙawayenta ne, kuma wadda ta karɓe shi ita ce za ta gaji aikin bargunan jarirai. Kowacce kuwa tana da bukatarsa: ƙafafun Delu sun gaji da yawon talla, Azumi ba ta da sana'ar rani, Marka ga marayun ƙaninta a gabanta. Keke kuma ba goro ba ne balle a fasa a raba.

Ta yi ta juya abin a zuciyarta. In ta tuna Delu, sai ta ga ba don ƙyallayenta da zagin da ta shanye ba, da babu abin da za a ɗinka tun farko. In ta tuna Azumi, sai ta ga yatsun nan da suka tsattsage, ta san ba don audugarta ba da tagwayen nan zane kawai aka rufa musu. In ta tuna Marka, sai ta ga ba don ita ba da keken bai sake juyawa ba, da aikin ya mutu a bargon farko, da kuma ba wanda ya san da su balle a ba da kyauta. Har yau keken yana nan a kwalinsa a ɗakin Inna Tabawa, su huɗun kuma suna ta ɗinkinsu da tsohon, suna jiran ta buɗe baki.

To, jama'a, ga ku ga Delu, ga Azumi, ga Marka. Wace ce a cikinsu ta fi cancanta a miƙa wa keken nan?