Makullin Gwaggo

Ku matso kusa, ku ajiye wayoyin nan tukuna. Kai ma sarkin gardama gyara zama, yau ranarka ce, don labarin nan ni zan fara shi amma ku za ku ƙarasa.

A Funtuwa an yi wani dillalin auduga, Alhaji Barau, wanda ya sayi wata mota ƙirar Amurka a hannun wani Bature da zai koma gida, shekara guda bayan yaƙin basasa. Ƙofa biyu gare ta, amma kowace ƙofa ta kai ƙyauren shago. Injinta mai fulogi takwas ne, in an tayar da ita sai ka ji kwanon rufin maƙwabta yana amsawa. Ga shan mai kamar an huda tankin. Da Alhaji ya rasu aka tura ta gindin durumi a bayan gida, ta fi shekara ashirin a nan, kaji suna ƙwai a kan kujerarta. Mutanen unguwa suka sa mata suna Gwaggo, don ta girmi yawancinsu.

Alhaji ya bar matarsa Hajiya Kande da ɗa guda, Haladu. Ita kam duk duniya ba ta da abin so kamarsa. Haladu direba ne mai hannu, sai dai wasan mota ya shiga ransa. Kun san wasan: a taru a fili, direba ya taka totur ya finciki birkin hannu, bayan mota ya zame gefe, ya dinga kewayawa a karkace, tayoyi na hayaƙi jama'a na ihu. Ni da na yi shekara talatin ina jan babbar mota ina roƙon Allah kada ta zame mini, har yau ban gane daɗin abin ba. To amma ba a tambaye ni ba.

Samarin garin da ƙananan motoci suke wasan, marasa nauyi masu jin magana. Haladu ya ce shi da Gwaggo zai shiga. Aka yi masa dariya har da riƙe ciki. Wanda ya fi kowa ƙyaƙyatawa ƙanen uwarsa ne, Kawu Jatau, wanda ya ce, "Ɗana, wannan ai kwale-kwale ce. Ranar da ka sa ta ta juya, ni da hannuna zan yi maka liƙi a gaban jama'a." Ku riƙe wannan magana, za mu dawo kanta.

Aka janyo Gwaggo da igiya zuwa gareji, aka yi wata bakwai ana fama da ita. Haladu da kansa ya farfaɗo da injin, ya cire tsohuwar giyarta mai canza kanta ya dasa ta hannu da ya ciro daga wata a-kori-kura, ya kafa dogon birkin hannu kusa da gwiwarsa. A cikin watannin nan mutum uku ne suka fi kusa da shi, kuma su ne labarinmu.

Na farko Mudi mai walda, mutum mai ƙarancin magana da taurin kai. Shi ya liƙe ƙarfen ƙafar baya don tayoyi biyun su riƙa juyawa tare, abin da ke sa mota ta zame yadda ake so. Da ya gama sai ya ƙwanƙwasa rufin Gwaggo ya ji tsatsa ta cinye shi. Bai yi shawara da kowa ba ya samo bututun rijiyar burtsatse masu kauri, ya lanƙwasa su, ya gina keji a cikin motar daga ƙasa har rufi. Haladu ya zo ya gani ya yi tsalle ya dire, ya ce motar da nauyi ya riga ya yi mata yawa ita za a ƙara wa kaya? Samari suka riƙa leƙowa suna tambayar ko kiwon kajin za a ci gaba da yi. Mudi ya ce, "In ka yanke ƙarfen nan, ka nemi wani mai waldar, kuma kada ka sake gaishe ni." Kwana goma ba sa magana, amma kejin ya zauna.

Na biyu Lawwali mai ɗinkin kujerun mota, ɗan raha wanda ba ya raha da aikinsa. Kujerar Gwaggo ta asali doguwa ce kamar gado, ba abin da ke riƙe mutum a kanta. Lawwali ya fitar da ita, ya ƙera wata mai zurfi daidai jikin Haladu. Sannan ya sayo ɗamarar da ake ɗaure kayan tirela da ita, ya yi mata ɗinki ninki uku, biyu su sauko ta kafaɗu, biyu su zagayo ƙugu, ya ɗaure su a jikin kejin Mudi. Haladu bai yi faɗa da shi ba, ya dai yi murmushi, a ransa ya ƙudurta ba zai ɗaura ba.

Ta uku Kuluwa mai awara, wadda ke suya a bakin garejin. Ita ko noti ɗaya ba ta ɗaure a jikin Gwaggo ba. Abin da ta sa a aikin shi ne baki, kullum Haladu ya zo sayen awara sai ta ce, "Kai dai ka ji tausayin Hajiya. Motar da ta huta, me ta yi maka?" Kuluwa tana da wata al'ada da ake yi mata tsiya a kai. Tun ranar da mai ya taɓa kamawa a kaskonta, ba ta sake hura wuta ba sai da buhun algarara jiƙe sharkaf a cikin bokiti kusa da ƙafarta.

Ranar wasa ta zo, wata Lahadi bayan la'asar, a tsohon fulotin auduga da ke bayan gari. Fili ne mai daɓen siminti, da lambatu mai zurfi a gefensa na gabas. Jama'a ta cika maƙil. Kuluwa ma ta ɗauko kaskonta ta kafa a gefe, don duk faɗanta ba ya hana ta bin ciniki. Hajiya Kande ta ƙi zuwa, ta zauna a gida kan dardumarta.

Da layi ya zo kan Haladu sai ya tura ɗamarar bayan kujera. Yana jin kunyar a gan shi a ɗaure kamar tunkiyar da za a kai kasuwa, ga 'yan mata a wurin. Lawwali ya hango. Ya zo ya tsaya a gaban motar ya harɗe hannu ya ce, "Ko ka ɗaura, ko ka bi ta kaina. Zaɓi ɗaya." Jama'a suka fara yi masa ihu ya kauce, ko gezau. Sai da ya zura hannu ta taga ya ɗaure Haladu da kansa, ya ja har numfashinsa ya sarƙe, sannan ya matsa.

Jama'a, Gwaggo ta juya! Ni ban so wasan ba, amma gaskiya a faɗe ta. Wannan ƙatuwar mota ta kwantar da bayanta gefe tana gurnani, ta kewaya filin sau ɗaya, sau biyu, sau uku, hayaƙi fari ya turnuƙe. Waɗanda suka yi dariya su suka fi kowa ihu. Nan fa daɗi ya kwashe Kawu Jatau. Ya tuna alkawarinsa, ya zaro sababbin takardu daga aljihu, ya tattare babbar riga ya kutsa tsakiyar fili zai yi liƙi, kamar gaban makaɗi yake a gidan biki. Bai tsaya ya yi tunanin cewa wannan makaɗin ba ya tsayawa wuri ɗaya ba.

Haladu ya fito daga cikin hayaƙi sai ga kawunsa a gabansa, hannu a sama. Ƙaramar mota da ta kauce cikin sauƙi, amma Gwaggo nauyinta ya riga ya tafi. Ya murɗe sitiyari iya ƙarfinsa. Ta wuce Kawu da tazarar da ba ta kai kamu ɗaya ba, har iskarta ta cire masa hula, ta tafi a gicciye, tayoyin gefe suka faɗa lambatu. Ta tashi sama ta wuntsila sau biyu, ta faɗi a kan rufinta.

Rufin nan ya lotse kamar gwangwanin madara, sai da ya iske bututun Mudi ya tsaya. Tsakanin kan Haladu da siminti bai fi faɗin tafin hannu ba. Gilashi ya tarwatse, duk abin da ke cikin motar ya yi waje, har takalminsa ɗaya an tsince shi a tsallaken lambatu. Shi kuwa yana nan a kujerarsa, rataye kai ƙasa a cikin ɗamarar Lawwali, a sume amma da ransa.

Sai warin fetur ya tashi, wuta ta kama a wajen injin. Wani ya yi ihu, "Za ta fashe!" Maza suka watse, har da masu faɗin su ba sa tsoron komai. Mudi da Lawwali suna can ɗaya gefen filin, suka taho a guje amma taron masu gudu ya tare su. Kuluwa ce kusa. Ta fizgi buhunta daga bokiti, ta ɗauki wuƙar yankan awara, ta nufi inda kowa ke gudowa. Ta danna buhun a kan wutar ta danne da hannu biyu har ta lafa. Ta kwanta rubda ciki ta shiga ta taga. Ɗamarar ta ƙi kwancewa saboda nauyinsa na kanta, ga ɗinki ninki uku, sai da ta yi ta gurzawa kafin ta yanke. Ta kama shi ta hammata ta jawo shi waje, daidai lokacin da wutar ta sake tashi, su Mudi suka iso suka kashe ta da ƙasa.

Labari ya riga su isa gida, kuma kun san yadda labari ke tafiya, kafin ya kai ƙofa an riga an kashe Haladu. Hajiya Kande ba ta bar kan dardumarta ba. Tana nan zaune, ta kasa ko kuka, har aka kira magariba. Sai ta ji sallama, muryar da ta sani. Ga Haladu ya shigo da ƙafarsa, hannu ɗaya rataye a wuya, likita ya ce ƙashin kafaɗa ne kawai ya tsage. Ta shafa kansa, ta shafa fuskarsa, ta ƙirga yatsunsa kamar ranar da ta haife shi, tana ta alhamdu lillahi. Sannan kukan ya zo, na daɗi. Ni da aka ba ni labarin nan sai da na sauke ajiyar zuciya. Kawu Jatau kuwa ko ƙwarzane bai yi ba, amma sati biyu bai fito majalisa ba.

Washegari aka taru aka tayar da Gwaggo kan ƙafafunta. Ƙarfen zamanin da ne, aka canza wayoyin da suka ƙone, aka murɗa makulli ta tashi bugu ɗaya. Sunanta ya zaga har Kano da Kaduna, masu kuɗi suka fara aiko a sayar musu. Haladu ya ɗauki makullin ya ajiye a gaban uwarsa ya ce, "Hajiya, na gama. Abin da kika ga dama ki yi da ita."

Hajiya ta ce, "Ba za ta sake kwana a gidan nan ba, kuma ba zan ci kuɗinta ba. Wanda ya dawo mini da kai, shi zan ba, ya hau ko ya sayar, ruwansa."

A nan unguwa ta rabu uku. Masu bayan Mudi suka ce ba don kejinsa ba, da Lawwali gawa ya ɗaure, Kuluwa kuma gawa za ta jawo, kuma shi ya yarda ya rasa aboki don a bar ƙarfen. Aka ce musu ai shi ya liƙe ƙafar da ta sa motar zamewa tun farko.

Masu bayan Lawwali suka ce keji ba ya tsare wanda ba ya cikinsa. Ba don ɗamarar ba da Haladu ya bi takalminsa ta taga, kuma ɗinkin bai isa ba sai da ya tsaya a gaban mota jama'a na zaginsa. Aka ce musu ai ɗamarar tasa ce ta riƙe yaron a bakin wuta.

Masu bayan Kuluwa suka ce su biyun basirarsu suka sa, ita ranta ta sa, ga tabon ƙuna a hannayenta har yau. Aka ce musu da ba ta tarar da mai rai ba, me za ta ceto?

Su ukun ba wanda ya buɗe baki ya ce a ba shi. Makullin yana nan ɗaure a bakin mayafin Hajiya Kande, kuma mota ba ta yankuwa uku. To, ku da kuka iya gardama, wa za ta kwance ta miƙa wa: Mudi, Lawwali, ko Kuluwa?