Ɗigon Fenti Biyu a Injin Motar Goggo

Akwai wani bakanike da ake yi wa laƙabi da Kunne, saboda mota na shigowa garejinsa, kafin a ɗaga bonet ya faɗi ciwonta. Gwani ne, ba musu. Matsalar ita ce shi ma ya san shi gwani ne.

Goggonsa tana da wata tsohuwar mota da marigayi mijinta ya bar mata, da direban da ya shekara ashirin da shida yana jan ta. Kowa a gidan Baba Direba yake ce masa.

Wata rana Kunne ya saita wa motar tayimin, wato lokacin da wuta za ta isa fulogi ta kunna mai. Yana da al'ada: in ya juya distiributa, abin da ke raba wa fulogai wuta, ya samu daidai, sai ya ɗiga farin fenti a jikinta, ya ɗiga wani a jikin inji suna kallon juna, sannan ya ɗaure noti. Ranar yana gama ɗiga fenti waya ta shigo. Ya rufe bonet yana ta surutu.

Bayan mako biyu mota ta fara rawa in an tsaya. Salansa, bututun hayaƙi, na harbi, inji na zafi, ɗan tudu ma sai da nishi.

Baba Direba ya kawo ta tare da Goggo, ya ce a hankali, "Ɗana, ko za ka sake duba tayimin ɗin nan? Tun ranar muryarta ta canza."

Kunne ya yi dariya. "Haba Baba, aikin da hannuna ya yi?" Ya juya wajen Goggo. "Ban so faɗa ba, amma gurɓataccen mai ake zuba mata. Ga kuma tsufa, ƙafar Baba ta yi nauyi a kan totur."

Baba Direba ya ja gefe ya ba shi wuri.

Kunne ya wanke kafireta mai haɗa mai da iska, ya canza fulogai har sau biyu. Ko'ina ya taɓa ban da wurin da aka nuna masa, don kallon wurin ma a ganinsa raini ne. Laifi tudu ne dai, ya taka nasa yana hango na tsoho.

Ranar da motar ta mutu a tsakiyar titi za a kai Goggo awon hawan jini, haƙurinta ya ƙare. Ta ce a kai wa Kunne motar, kuma a can Baba Direba zai ajiye makulli.

A garejin, Goggo ta zauna a benci tana fifita da mayafi. Kunne ya sunkuya zai cire wayar fulogi, sai gwiwar hannunsa ta gogi distiributa. Ta motsa.

Ya share baƙin mai da yatsa, sai ga ɗigon fenti biyu sun rabu da kusan faɗin yatsa. Ya taɓa noti, ya ji yana juyawa ba sifana. Ba wanda ya taɓa wurin nan sai shi.

Shaiɗan ya raɗa masa: mayar da ɗigo kan ɗigo, ka ɗaure, ka ce ka sha wahala kafin ka gano. Wa zai sani?

Ya ɗago kai. Baba Direba yana kwashe kayansa daga cikin motar: tabarau, ƙaramar buta, da tsumman da yake goge gilashi. Sai da ya goge sitiyari tas kafin ya ninke tsumman. Kunne ya ji wata irin kunya da bai taɓa ji ba.

"Goggo, zo ki gani," in ji shi. "Ba mai ba ne, ba ƙafar Baba ba ce. Ni na manta ban ɗaure notin nan ba. Ƙazafi na yi masa."

Goggo ta yi salati. Ta dubi tsohon. "Kai kuma ka yi shiru?"

"Na ga fentin ya rabu tun makon farko, Hajiya. Kullum da safe ina duba ruwa da mai."

Kunne ya ce, "To me ya hana ka nuna mata, Baba?"

"A kujerar bayan nan nake kai ka makaranta kana kuka. Da bakina zan kunyata ka gaban goggonka? Na faɗa maka kai kaɗai a hankali, na ce wata rana za ka duba."

Kunne ya durƙusa a kan baƙin man gareji, ya kasa haɗa ido da shi. Goggo ta miƙa wa tsohon makullin da hannu biyu.

Baba Direba ya ce, "Tashi, ɗana. Ɗaure notin mu ji muryarta."

Darasi: In aiki ya lalace, fara duba inda hannunka ya taɓa kafin ka nuna wani da yatsa, don girman kanka na iya raba bawan Allah da abincinsa. Ku tura wa 'yan uwa, musamman gwanayen da ba a mayar musu da magana.